Jawabi A Kan Gyaran Tsofaffin Kwamfutoci

 

Maganarmu ta yau a kan tsofaffin kwamfutoci ce, irin waɗanda yaranmu 'yan jari bola kan sayo su fasa da guduma don cirar jan ƙarfe. Mu da muka mai da gyaransu abin sha'awa bayan an rufe shago, roƙonmu shi ne a dakata da gudumar tukuna.

Ga misali Commodore 64, wadda ta fito a Amurka a 1982. Ƙwaƙwalwarta kilobait 64 ce kacal, hoto ɗaya na wayar yau ya fi ƙarfinta. Amma kamfanin da ya ƙera ta ya karye tun 1994, don haka ta asali in aka fasa, ta tafi ke nan. Shi ya sa masu sha'awa ke neman irinta da kuɗinsu.

Jama'a, yawancin ciwonsu ƙarami ne. Na farko batir. A kwamfutocin 386 da 486 akwai ɗan batir a jikin allo, in ya tsufa sai ya yi yoyo ya cinye hanyoyin wuta. A cire shi, a goge wurin da binega, sannan a bi da sifirit. Na biyu kafasita. Wanda ya kumbura a sake shi, a liƙe sabo da dalma. Na uku akwatin wuta. Na Commodore in ya lalace yakan ba da fiye da bolt 5, ya ƙone ƙwaƙwalwa, saboda haka a auna shi da mita kafin a jona. Kuma kayan Amurka wutar 120 suke ci, tamu 230 ce, dole sai da tiransifoma.

Sai gargaɗi. Allon nan mai ƙusumbi yana riƙe wuta mai ƙarfi ko an cire shi daga soket. Wanda bai iya ba kada ya buɗe. Yaranmu kuma su daina ƙona wayoyi da alluna, hayaƙin guba ne.

Duk wanda irin wannan ta faɗo hannunsa, ya kawo mu duba tare, ya zo da yaro ya koya. Allah ya sa mu dace.