Milan ta Indiyana da Kofin 1954



Da an ambaci Milan, hankalin masu kallon ƙwallo a cikinmu sai ya tafi Italiya. Wadda zan yi magana a kanta yau daban ce: ɗan ƙaramin gari ne a gundumar Ripley, kudu maso gabashin jihar Indiyana ta Amurka, wanda a farkon shekarun 1950 mutanensa ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Sakandaren gwamnati ɗaya ce a garin, ɗalibanta 161, maza da mata. A 1954 wannan makaranta ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na jihar baki ɗaya, a gasar da makarantu 751 suka shiga.

A wancan zamani Indiyana ba ta raba makarantu bisa girmansu. Babba da ƙarama gasa ɗaya suke shiga, wanda aka doke sau ɗaya ya tattara ya koma gida. A ƙauyukan jihar kuwa makaranta ita ce cibiyar gari. Daren Juma'a na hunturu manomi da mai kanti da ma'aikacin masana'anta duk a zauren wasanta suke haɗuwa.

Mutane suna kiran abin da ya faru abin al'ajabi, ni kuwa aiki nake gani a ciki. A 1952 aka ɗauko wani matashi, Marvin Wood, ɗan shekara 24, ya zama mai horar da yaran. Ya hana mutanen gari shiga kallon atisaye, abin da ya jawo masa gunaguni, ya kuma koya wa yaran riƙe ƙwallo da haƙuri. Yaran nan tare suka taso, wasunsu daga Pierceville, wata 'yar ruga da ke kusa, suna jifar kwandon da aka kafa a tsakar gida tun suna ƙanana. A 1953 ma sai da suka shiga cikin huɗun ƙarshe. Ke nan ba da ka suka zo ba.

Ranar 20 ga Maris, 1954, a zauren wasa na Jami'ar Butler da ke Indiyanafolis, suka kara da Muncie Central, makaranta mai ɗalibai sama da 1,600, wadda ta riga ta ci kofin sau huɗu. A zangon ƙarshe Muncie na gaba da maki 28 da 26. Sai Wood ya umarci ɗan wasansa Bobby Plump ya tsaya da ƙwallo. Yaron ya dafe ta a ƙugu, ya tsaya cik a tsakiyar fili fiye da minti huɗu, alhali su ake ci, dubban 'yan kallo suna ta ihu. Dokar lokacin ba ta hana haka ba, kuma Wood ya san in aka biye wa Muncie da gudu da tsalle, tsawo da ƙarfi za su yi halinsu. Da maki ya zama 30 da 30, saura daƙiƙa 18, abokan wasan Plump huɗu suka koma gefe guda suka buɗe masa hanya. Ya kutsa, ya yi tsalle, ya jefa, ta shiga. Aka tashi 32 da 30. Washegari dubun dubatar mutane suka yi dafifi a hanyar Milan don tarbar su.

Akwai ɓangaren labarin da fim ɗin Hoosiers na 1986, wanda aka gina a kan nasarar Milan, bai ba shi haƙƙinsa ba. A hanyarta ta zuwa kofi Milan ta doke Crispus Attucks da maki 65 da 52. Wannan makarantar baƙaƙen fata ce zalla a Indiyanafolis, wadda aka daɗe ana hana ta shiga gasar saboda wariya, kuma a cikin yaranta akwai Oscar Robertson, wanda daga baya ya zama shahararren ɗan ƙwallon kwando. A 1955 Attucks ta ci kofin, ta sake ci a 1956 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Buɗaɗɗiyar gasar da ta ba ɗan ƙauye dama ita ce ta ba su.

Daga baya abubuwa suka sauya. Dokar 1959 ta sa aka haɗe ɗaruruwan ƙananan makarantun jihar, garuruwa da yawa suka wayi gari ba makaranta, ba ƙungiya. Milan ta tsira da tata. Sannan bayan gasar 1997 hukumar wasannin makarantu ta raba gasar gida huɗu bisa yawan ɗalibai. Hujjarta ita ce a cikin shekaru 43 babu wata makaranta ƙarama kamar Milan da ta sake cin kofin, kuma hujja ce mai ƙarfi. Duk da haka ina ganin an yi asara. Yanzu ƙananan makarantu suna ɗaga kofi duk shekara, amma a tsakaninsu, kuma Plump kansa yana cikin waɗanda suka fito fili suka yi adawa da rabon.