Littafin Da Babu Rubutu A Cikinsa



Kun san da alli a hannu na tsufa. A duk shekarun nan ba abin da ya ba ni wuya kamar darasin insha'i. Ka ce wa ɗan aji huɗu ya rubuta labari, sai ya ƙura wa takarda ido har a kaɗa ƙararrawa. Alhali yaron nan shi ne ke hana ƙannensa barci da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Labarin yana nan a kansa, bakin zaren ne ya ɓace masa.

Wata rana na shiga aji da hotuna shida, waɗanda wani mai zanen allon shago ya yi mini. Yaro ne ya ɓace wa babansa ran hawan Sallah a Ƙofar Soro. Ko harafi ɗaya babu a jiki. Na ce kowa ya rubuta abin da ya faru. Wallahi ba a sami labari biyu iri ɗaya ba. Wata yarinya da ba ta taɓa wuce layi uku ba ta cika shafi guda, wai dokin wani dogari ne ya san gidansu yaron, ya kai shi har zaure. Rubutun cike da kurakurai, na yarda. To amma kuskure yana gyaruwa, farar takarda fa, me malami zai gyara a ciki?

Ba ni na ƙago dabarar ba. A Ingila Raymond Briggs ya fitar da The Snowman a 1978, hotuna zalla. A 2012 ƙungiyar IBBY mai kula da littattafan yara ta soma tara irinsu domin tsibirin Lampedusa na Italiya, inda 'yan ci-rani daga Afirka ke sauka da 'ya'yansu, kowa da harshensa. Sai dai mutumin dusar ƙanƙara ba ya tuna wa ɗan Katsina komai. A nuna masa hasumiyar Gobarau, ko mai fura a bakin kasuwa, a ga aiki.

Saboda haka ga roƙona. A cikinmu akwai masu zane, akwai masu maɗaba'a, akwai kuma waɗanda Allah Ya hore wa. Mu fitar da ɗan littafi ɗaya mai shafi 16 kafin taron baɗi, mu raba wa makarantun firamare na cikin gari. Hotuna shidan nan suna hannun sakatare, mai so ya duba bayan an tashi.