Takardar Mai Unguwa Ba Ta Tare Katafila

Ɗan uwa lauya da ya gabatar da jawabin ya fara da tambayar matasan da ke wurin: mutum nawa ne a cikinsu ya taɓa ganin takardun gidan da yake kwana? Ya ce da yawa sai ranar da hukuma ta shafa jan fenti a bango ake fara laluben akwati, a tarar ba komai sai takardar ciniki mai hatimin mai unguwa.

Ya bayyana cewa dokar amfani da ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa a 1978, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99. A birni gwamna ke bayarwa, a karkara kuwa ƙaramar hukuma. Izinin gini kuma daban yake, wajen hukumar tsara birane ake nemansa. Amma wanda gidansu ke nan tun kafin 1978, in ji shi, doka ta ɗauke shi mai izini ko da babu satifiket.

Mai jawabin ya ce wannan iko yana da linzami. Sashe na 28 ya yarje wa gwamna ya soke izini don amfanin jama'a, kamar titi ko asibiti, amma sai an miƙa wa mai wurin sanarwa. A 1991, a shari'ar Osho, Kotun Ƙoli ta ce ba a ƙwace filin wani don kawai a ba wani mai kuɗi. Diyya kuwa ta gini ce da shuka, ba ta ƙasar ba. In rigimar kan yawan kuɗin ne, kwamitin rabon filaye na jiha ake kai wa. In kan halaccin ƙwacewar ne, sai Babbar Kotu.

Daga nan ya kawo misalai biyu. A Bakolori, a 1980, manoman da aikin madatsar ruwa ya cinye gonakinsu sun tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jinin bayin Allah. A Kano kuwa, da aka rushe shagunan filin Idi a 2023, 'yan kasuwar sun haɗa kai suka tafi kotu. Aka yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba su sami duka ba, amma ba su tashi hannu rabbana ba.

Don haka ya ja kunnen 'yan uwa, musamman masu tara kuɗin fuloti don aure: kada a biya ko sisi sai an bincika a ma'aikatar ƙasa. In sanarwa ta zo, a ajiye ta, a ɗauki hoton gini, a rubuta koke a karɓi shaidar an miƙa, unguwa ta ɗauki lauya ɗaya tun katafila ba ta iso ba. Jifa, in ji shi, ba abin da take jawowa sai uzuri ga mai neman dalili.

Ya rufe da addu'ar Allah Ya tsare wa raunana muhallinsu.