Ɗana Ya Fi Tsararsa

  Karatunmu na yau yana cikin Bishara ta hannun Luka, sura 2, aya 41 zuwa 52.

Mu iyaye duk halinmu ɗaya ne. Yaro ya ƙirga ɗaya zuwa ashirin yana shekara uku, ko ya haddace aya a makarantar Lahadi, sai mu ce, "Wannan ya fi tsararsa." Tun bai iya ɗaura takalmi ba mun riga mun hango shi likita a jami'ar kiwon lafiya ta Azare. Sai mu je wurin hedimasta mu roƙa a tsallake masa aji, ko a tura shi sakandare bai zauna aji shida ba.

Ku duba inda gaggawar nan take kai mu. A shekarar 2025 hukumar JAMB ta tsayar da shekara 16 don shiga jami'a, amma ta bar ƙofa ga ƙananan haziƙai da za su ci maki 320 cikin 400. Yara sama da 40,000 da ba su kai shekarun ba suka zauna jarrabawar. Waɗanda suka kai makin nan ba su cika 600 ba. Sauran ba daƙiƙai ba ne, lokacinsu ne bai yi ba, aka ɗora musu kayan da ya fi ƙarfin wuyansu.

To, in akwai yaron da ya fi tsararsa da gaske, Yesu ne. Yana shekara 12 ya zauna cikin malamai a Haikali, suka yi mamakin fahimtarsa. Maryamu da Yusufu ba su bar shi a Urushalima don ya yi suna ba. Ya bi su Nazarat yana yi musu biyayya. Maryamu ba ta bi maƙwabta tana fahariya ba, ta ajiye abin a zuciyarta. Luka 3:23 ya nuna sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara hidimarsa. Shekara 18 ke nan na girma a hankali.

Akwai kuma gargaɗi a Farawa sura 37. Yakubu ya fifita Yusufu, ya yi masa riga ta musamman. 'Yan'uwansa suka ƙi shi har suka sayar da shi yana shekara 17. Duk gidan da ake yabon ɗa ɗaya a gaban baƙi, sauran 'ya'ya suna ji.

Ku kuma da ɗanku bai yi saurin baki ba, kada ku karai. Musa ya ce shi mai nauyin harshe ne, Allah kuwa ya aike shi gaban Fir'auna. Manomi ya san gero yakan riga dawa nuna, amma dukansu rumbu za su shiga.

Saboda haka mu yi abu uku. Na fari, mu gode wa Allah, gama baiwa daga wurinsa take. Na biyu, mu saurari malamin aji, shi ne yake ganin yaron a cikin tsararsa. In baiwar ta tabbata, a ƙara masa littattafai, a bar shi ya yi wasansa na ƙuruciya. Na uku, mu koya masa tawali'u da tsoron Allah, ya san muna ƙaunarsa ko ya zo na ɗaya ko na talatin.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, 'ya'yan nan naka ne. Ka raba mu da fahariya da gaggawa, ka ba mu haƙurin renonsu. Cikin sunan Yesu, Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.