Ina Kuɗinmu Ke Tafiya?

Yau za mu yi magana a kan haraji, abin da kowa ke biya amma ba kowa ya san inda yake tafiya ba.

Dattawanmu sun tuna zamanin da mai unguwa ke bi gida gida yana karɓar haraji, Fulani kuma suna biyan jangali. A shekarar 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna, lokacin Katsina tana cikinta. To, kada mu zaci mun daina biya. Hanyar karɓa ce ta sake.

Ga yadda abin yake. Akwai harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, ana ce da shi VAT. An fara karɓarsa a 1994, naira 5 a kan kowace naira 100. A 2020 aka mai da shi naira 7 da kwabo 50. Watau in mun sayi rediyo ko katin waya na naira 1,000, akwai naira 75 ta haraji a kansa. Amma babu shi a kan gero, da dawa, da magani, da littattafan makaranta.

Kuɗin nan ana tara su wuri ɗaya, a raba kowane wata. Bisa ga dokar da ta fara aiki a 2026, cikin kowace naira 100 Gwamnatin Tarayya tana da 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Jihar Katsina tana da rabonta, Jibiya ma tana da nata, don tana cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar.

Akwai kuma kuɗin fito, waɗanda 'yan kwastan ke karɓa a Magama in kaya sun shigo daga wajen Maraɗi. Su ma baitulmalin ƙasa suke shiga, a raba. Sa'an nan ga kuɗin rumfa, da na kara, da na tasha, waɗanda muke biya ranar kasuwa. Waɗannan na ƙaramar hukumarmu ne.

Me ake yi da su? Babbar hanyar da ta taso daga Katsina zuwa kan iyaka aikin Tarayya ce. Babban asibiti, da makarantun sakandare, da motocin haya na gwamnati, aikin jiha ne. Gyaran kasuwa da tasha, da ƙananan hanyoyin ƙauye, da ɗakin shan magani, suna wuyan ƙaramar hukuma. Ba mai iya gina gada shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu mutanen kan iyaka mun san darajar hanya. Da aka rufe iyaka a 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa a 2023 har zuwa 2024. Ciniki ya faɗi, direbobi da 'yan dako suka zauna. Inda ba ciniki, me za a karɓa?

Saboda haka ga gargaɗinmu. Duk wanda ya ce mu biya kuɗin hukuma, mu ce ya ba mu rasit. Mu duba sunan hukuma, da kwanan wata, da yawan kuɗin. In an rubuta 100 alhali mun ba da 200, sauran ba su isa baitulmali ba. Wanda bai iya karatu ba, ko takardar banza aka miƙa masa sai ya yi godiya. Wanda ya iya kuwa, yana da bakin tambayar kansila, “Mun biya, ina aikin?”

Ran da za mu sake taruwa, kowa ya zo da rasit ɗaya, mu karanta tare. Allah ya kai mu.