A Yi Hattara Da Tsofaffin Na'urori



Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a nan Kontagora ya san cewa kafin damina ta faɗi sai an bi katanga da soro an yi musu yaɓe. Shekarar da aka yi sakaci, ruwa ya sami tsaga ya shiga. To, haka kwamfuta take, haka wayar hannu, haka kuma 'yar kwamfutar nan mai kama da allo. Manhajar da ke tafiyar da su ba ta rasa tsaga, kamfanin da ya yi ta kuwa shi ne ke aiko da faci ta intanet a kai a kai. Amma fa ba har abada ba. Kamfanin Microsoft ya daina yi wa Windows XP faci tun ran 8 ga Afrilu 2014, ya daina wa Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, ita kuma Windows 10 an rufe facinta na kowa da kowa ran 14 ga Oktoba 2025. Wayoyin Android ma, bayan 'yan shekaru masu ƙera su kan juya musu baya.

Mu kuwa, da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shagunanmu da hannun ɗalibanmu 'yan gwanjo ne, sun gama aikinsu a Turai suka sauko ta Ikko. Ba na ganin laifin kowa, gama sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Abin da nake so a gane shi ne, na'ura tana iya kunnuwa garau, tana buga takarda, alhali kuwa ƙofarta a hangame take.

Ran 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150. Takan kulle duk abin da ke cikin kwamfuta, ta ce sai an biya fansar dala 300 kafin ta sake shi. A Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya dubbai. Abin takaici, facin da zai toshe wannan tsaga ya fito tun watan Maris, mutane ne ba su sa shi ba. Mai XP kuwa a lokacin ba shi ma da facin da zai sa, sai da ɓarna ta auku sannan aka fito masa da na gaggawa.

Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne. A watan Oktoba 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gargaɗi a kan Flubot, wadda ke zuwa cikin saƙon tes, wai an aiko maka da kaya, ka taɓa nan. Kana taɓawa ta zauna a wayarka, ta kwaikwayi fuskar manhajar bankinka, ta kwashe lambobin sirri, ta kuma aika wa mutanen da ke wayarka irin wannan saƙo. 'Yan sandan Turai sun rushe ta a 2022, amma dabarar ba ta mutu ba.

A garinmu ma cutar ba ta buƙatar intanet. Ni kaina na taɓa kai filas wani shago a buga mini takarda, na dawo gida na tarar duk aikina ya ɓace, sai inuwarsa. Haka memorin da ake kaiwa a zuba fina-finai, da manhajar da aboki ke tura wa aboki ba a san asalinta ba.

Saboda haka roƙona ga ɗan kasuwa shi ne, na'urar da aka daina yi wa faci a bar ta ga buga takarda da kallo, kada a shiga asusun banki da ita. Wadda har yanzu ake aiko mata, in ta nemi sabuntawa a bar ta ta yi, ko da data za ta ci. Ɗalibi kuma ya ajiye kwafin aikinsa a wuri na biyu.

Iyaye, ku ne na fi jiye wa. Mutum ya sayi sabuwar waya, ya miƙa wa yaro tsohuwar ya yi wasa, alhali imel ɗinsa da hotunan takardunsa suna ciki, wani sa'i har da layin da banki ke aiko wa lambar sirri. Yaro kuwa duk abin da ya ƙyalla sai ya taɓa. Kafin a ba shi, a cire layin, a fita daga kowane asusu, a wanke wayar ta koma yadda ta fito daga kamfani.