Idan Tafiya Ta Fasu: Dangana da Sake Kafa Madogara a Ƙasar Gaya

Fita neman arziki tsohuwar al'ada ce a Gafasa da sauran garuruwan Ajingi da Gaya, inda ci-rani, wato barin gida bayan girbi a dawo kafin faɗuwar damina, ya daɗe yana kai magidanta Kano da Legas. Wannan tsari ya tanadi dawowa tun kafin tafiya, domin gona tana nan tana jiran mai ita, kuma wanda ranin bai yi masa kyau ba yakan ɗauki fartanyarsa ba tare da an yi masa gori ba.

Tafiyar aiki zuwa Saudiyya ko Libiya ko Dubai ta sha bamban da wannan, domin kuɗin fasfo da biza da na ejan yakan fito ne daga sayar da bijimi ko jinginar da gona, wato miƙa ta ga mai kuɗi ya riƙa nomawa har a biya shi. Ƙofofin irin wannan tafiya kuwa kan rufe ne saboda shawarwarin da ake yankewa nesa da matafiyi: Saudiyya ta tsananta korar baƙi marasa takardu a 2013 da 2017, Libiya ta rikice bayan kifar da Gaddafi a 2011, Nijar ta kafa dokar hana fasa-ƙwaurin baƙin haure a 2015 wadda ta taƙaita zirga-zirgar Agadas har aka soke ta a 2023, sannan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Nijeriya biza daga 2022 zuwa 2024.

Saboda haka matashin da tafiyarsa ta fasu yana ɗauke da nauyi biyu, bashi da kunya, kuma kunyar ce take sa shi ya maƙale a birni, ko ya sake cin bashi ya bi hanyar da ta fi ta farko haɗari. A nan ake buƙatar dangana, wadda ita ce karɓar abin da ya riga ya auku ba tare da tsayawa zargin kai ba, tare da tawakkali, wato dogaro ga Allah bayan an yi iyakar ƙoƙari, kuma malamai ba su ɗauki ko ɗaya daga cikinsu a matsayin naɗe hannu ba.

Aikin farko da ya hau kan dangi shi ne su zauna da mai bin bashi a gaban mai unguwa ko dagaci a tsara yadda za a fanso gonar kafin shuka, domin da ita ne matashin zai koma cikin sahun magidanta. Bayan haka sai neman jari ta hanyar adashi, da kiwon turka, wato ɗaure rago ko sa ana ciyar da shi har ya yi ƙiba, wanda kasuwar Wudil ta ranar Juma'a take karɓa. Wanda aka yaudara kuma yana da damar kai ƙara hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, maimakon ya yi shiru har ƙaninsa ma ya faɗa hannun ejan ɗin.